Kafin ka cire fanka, fara gano abin da ya lalace

Ɗana, ka ce laftof ɗin HP da ɗalibin nan ya kawo daga Yelwa tana ɗaukar zafi har ta kashe kanta, kuma kana so ka shiga kasuwar Wunti ka sayo sabuwar fanka da hitsink ka canja duka biyu a huta. Dakata tukuna. Ɗalibi ne, wataƙila kuɗin abincinsa zai rage ya biya mu, bai kamata mu sa shi sayen abin da bai lalace ba.

Ka fara sanin hanyar da zafin yake bi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce ke haifar da shi. Farantin da ke zaune a kanta ya karɓa, ya miƙa wa wannan siririn bututun jan ƙarfe, bututun ya kai shi ga ƙananan haƙoran ƙarfe da ke bakin ƙofar iska, fanka kuma ta hura shi waje. Farantin da bututun da haƙoran nan, su ne a haɗe ake kira hitsink. Wuri ɗaya ya toshe, zafi ya tsaya a ciki. Yawancin furosesar Intel idan ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, in abin ya ƙi sai ta kashe kwamfutar don kada ta ƙone.

To kunna ta ka saurara. Idan ta nuna lamba 90B kafin Windows ta buɗe, HP na gaya maka fanka ba ta juyawa yadda ya kamata. Idan kana jin gurzawa ko ƙara-ƙara, gindin fankar ya ci. Amma idan tana ihu da ƙarfi, ka sa bayan hannu a ƙofar iska ka ji kusan babu komai, fankar lafiyarta ƙalau, hanya ce a toshe. A Bauchi wannan ne ya fi yawa. Ƙurar hunturu ta taru tun Disamba, ba a ganewa saboda sanyi, sai zafin Maris da Afrilu ya shigo asiri ya tonu. Ka ɗaga fankar za ka tarar da ƙurar a bayan haƙoran, ta dunƙule kamar audugar katifa, ana zare ta da hantsaki a dunƙule ɗaya.

Kafin ka taɓa komai a ciki, cire caja, zare soket ɗin batir daga bod, wato babban allon da sassan kwamfutar ke zaune a kai, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Ka taɓa ƙarfe ka sauke wutar jikinka, musamman lokacin busasshiyar iska. In za ka sa bulawa, riƙe fikafikan fankar da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta.

Hitsink ba kasafai yake mutuwa ba, shi ya sa nake jin ciwo idan na ga ana canja shi a banza. Cikin bututun nan akwai ɗan ruwa kaɗan a rufe. Yana zama tururi a gefen zafi, ya je gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo. In bututun ya huje ko ya lanƙwashe, aikinsa ya ƙare. Gwada shi: tsoma bakin ɗaya a ruwan zafi, ka riƙe ɗayan. Mai rai cikin daƙiƙu kaɗan zai sa ka saki. Wanda ya daɗe bai ɗumama ba, shi ne na canji.

Wajen kwance hitsink duba lambobin 1, 2, 3, 4 da ke gefen notin. Ka riƙa sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi, wajen ɗaurewa ma haka, don nauyi ya sauka daidai a kan furosesa. In ya manne, murɗa shi a hankali, kada ka ɓanɓare da sukundireba.

Sai fes, wato man da ake sawa tsakanin furosesa da farantin hitsink don zafi ya wuce. Duk lokacin da hitsink ya tashi, tsohon fes ya tashi aiki ke nan, ko da a ido yana da laushi. Goge shi tas daga ɓangarorin biyu da sifirit mai ƙarfi, wanda ya kai kashi 90, ka bari ya bushe. Ɗiga sabo a tsakiya, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani ne kawai. Man goge baki kuwa a madadin fes, kada in gan shi a teburin nan. Waɗancan ƙananan robobi masu laushi da ke kan wasu sassan, mayar da su mazauninsu, in sun yage ka nemo masu kauri ɗaya.

Idan fankar ce ta mutu, tafi kasuwa da ita a hannu. Ka gwada lambar da ke jikin takardarta, ƙarfin wutarta, yawanci bolt 5 ne, da yawan wayoyin soket, uku ko huɗu. Kama a ido ba ta wadatar.

Ka haɗa, ka kunna kafin ka rufe bayan, ka ga fankar ta juya. Buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ka ba laftof ɗin aiki mai nauyi. In tana zaune kawai ba ta aikin komai, digiri 40 zuwa 55 ya yi. In mai ita ya zo, ka gaya masa ya daina ɗora ta a kan katifa ko filo, ƙofar shan iskarta a ƙasa take.