Wai Da Gaske Talabijin Ce Ta Kashe Ƙwallon Jami'o'in Amurka?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata takwas kenan ina karatu a jihar Oregon ta Amurka. Dattijon da nake haya a gidansa masoyin ƙwallon jami'a ne na bugawa a jarida, irin ƙwallon nan tasu ta hular kwano da ake runguma a ruga da ita. Duk Asabar sai ya zauna gaban talabijin yana faɗa, wai kuɗin talabijin ya kashe musu wasa. Ni kuma abin ya ɗaure min kai, don ina ganin filaye cike maƙil, kuɗi kuma na shigowa kamar ruwa. Dan Allah me aka kashe? Kuma ba ƙwallon 'yan makaranta ba ce, me ya kawo maganar biliyoyin daloli?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya dattijon nan ba rigimar tsufa yake ba, kuma ka faɗo daidai jihar da abin ya fi yi wa ciwo a duk faɗin Amurka.

Da farko cire maganar "'yan makaranta" daga ranka. Tun 1869 ake wannan wasa, lokacin da Rutgers ta kara da Princeton, wato ya girmi gasar ƙwararru ta NFL da shekara hamsin. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, babu filin kulob ɗaya a Ingila da ya kama ƙafarsa. A jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma babu ƙungiyar NFL ko ɗaya, ƙungiyar jami'a ita ce ta gari, kaka ya kai ɗa, ɗa ya kai jika, kujera ɗaya iyali ɗaya shekara da shekaru. Kuma a da jami'o'in an kasa su rukuni-rukuni ne bisa makwabtaka, na gaɓar tekun yamma suna Pac-12, na kudu suna SEC, na tsakiyar arewa suna Big Ten. Abokin hamayyarka makwabcinka ne, wanda za ka haɗu da shi ranar Litinin a wurin aiki ya tsokane ka. Oregon da Oregon State tun 1894 suke karawa, tsakanin garuruwansu, Eugene da Corvallis, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota. To wannan ita ce al'adar da ake magana.

Yadda kuɗi ya shigo kuwa, dole mu koma 1984. Kafin nan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke riƙe da haƙƙin nuna wasanni gaba ɗaya, ita ke sayarwa, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace ƙungiya, hujjarta tun farkon shekarun 1950 ita ce in an cika nunawa mutane za su daina zuwa fili. Manyan jami'o'i suka ga ana tauye su, Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya da alƙalai 7 cikin 9. Abin da yake taɓa ni a shari'ar nan, alƙalin da ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, Byron White, shi kansa tsohon tauraron ƙwallon jami'ar Colorado ne, kuma damuwarsa ita ce ana kallon wasan ɗalibai kamar kasuwanci zalla. Daga ranar kowa ya samu damar kai hajarsa kasuwa da kansa. Notre Dame ta yi gaba ta ƙulla nata cinikin ita kaɗai da tashar NBC, aka fara a 1991.

Sai kuma 2007, Big Ten ta buɗe tashar kanta. Nan ne lissafin ya canza gaba ɗaya, kuma ina so ka gane shi sosai don shi ne zuciyar maganar. A tsarin talabijin na kebul, duk gidan da tasha ke cikin kunshinsa yana biyan wani abu duk wata ko ya kalla ko bai kalla ba, kuma in gidan yana yankin da rukunin ke da jami'a kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ka ga kenan darajar jami'a ta tashi daga iya wasa ko daɗewar zumunci, ta koma gidaje nawa ne masu talabijin a kewayenta. Shi ya sa a 2014 Big Ten ta ɗauko Rutgers da Maryland, ba don suna cin kofi ba, don ɗaya tana bakin New York ɗaya tana bakin Washington.

Abin da ya faru da ku a yamma shi ne ƙarshen wannan hanya. A 2021 Texas da Oklahoma suka ce za su koma SEC. A watan Yuni 2022 USC da UCLA, manyan jami'o'in Los Angeles, suka ce sun bar Pac-12 sun koma Big Ten, bayan wata biyu Big Ten ta sa hannu da Fox da CBS da NBC kan fiye da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Pac-12 ta rasa babbar kasuwarta, ta yi ta yawo neman mai saye, a ƙarshe tayin da ya rage a kan tebur na Apple ne, na kallo ta intanet, wanda yawan kuɗin ya dogara da yawan masu rajista. Shugabannin jami'o'i suka tsorata. Ranar 4 ga Agusta 2023, rana ɗaya tak, Oregon da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa wani rukunin, Big 12. Stanford da Cal, da suke kallon tekun Pasifik ta taga, suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atlantika ne. Rukunin da asalinsa ya faro tun 1915 aka bar shi da jami'a biyu, Oregon State da Washington State, babu laifin da suka yi illa garuruwansu ƙanana ne. In dattijonka ɗan Oregon State ne to wallahi ka yi masa uzuri, mutum ne da aka watse aka bari a tsakar gida. Suna ƙoƙarin sake gina rukunin da su Boise State, sunan yana nan amma kowa ya san ba gidan da ba ne.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan magoya baya ake yi wa. Lokacin fara wasa yanzu tasha ce ke yankewa, sau da yawa sai saura kwana 12 a sanar, wani lokacin ma kwana 6, to mutumin da zai tuƙo mota awa biyar da iyalinsa ya kama ɗaki a otal yaya zai yi? Magoya bayan Ohio State sun daɗe suna kuka da yadda Fox ke sa manyan wasanninsu ƙarfe 12 na rana, alhali su daɗin abin a wurinsu shi ne a wuni ana gashi da hira a bakin fili a shiga wasa da dare. Ƙananan jami'o'in rukunin MAC kuwa a watan Nuwamba ranakun Talata da Laraba da dare suke buga wasa, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, kujeru wayam, saboda ranar ce kawai tashar ESPN ke da gurbi. In ka je fili ka lura da wani mutum mai jar hula da ke fitowa ya tsaya a gefe, muddin yana tsaye ba za a ci gaba da wasa ba, talla ake yi. Da aka ga wasanni suna wuce awa uku da yawa, a 2023 sai aka gyara dokar agogo yadda zai riƙa tafiya bayan an samu sabon zagayen yunƙuri, wato wasan aka rage, tallan yana nan. Wannan abin yana ɓata min rai har yau.

Sannan ga Rose Bowl. Tun 1947 al'ada ita ce ranar 1 ga Janairu zakaran Big Ten ya zo Pasadena a Kalifoniya ya kara da zakaran yamma, rana na faɗuwa bayan duwatsu ana cikin wasa, yaro ɗan Oregon ko ɗan Michigan da mafarkin wannan rana yake tashi. Yanzu ya zama mataki ɗaya cikin gasar fitar da gwani da aka faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024, wadda ESPN ta saya kan dala biliyan 7.8 na shekara shida. Ranar 1 ga Janairu 2025 Oregon ce ta kara da Ohio State a can, dukkansu 'yan Big Ten, Ohio State ta ci 41 da 21. Wasan Oklahoma da Oklahoma State da aka fi shekara ɗari ana yi ya tsaya bayan na 2023 saboda Oklahoma ta koma SEC.

In kana bin ƙwallon Turai ka tuna Super League ta Afrilu 2021, da manyan kulob 12 suka so ware kansu, magoya baya a Ingila suka fito titi abin ya ruguje cikin kwana biyu zuwa uku. A Amurka kusan irinta aka yi amma a hankali, jami'a biyu bana, huɗu baɗi, babu rana ɗaya da za a ce yau a fito, kuma magoya bayan waɗanda aka ɗauka murna suke, na waɗanda aka bari ne ke kuka.

Amma fa akwai inda ba na tare da masu kukan al'ada, kuma dole in faɗa maka. Cikin abin da ake kira al'ada har da cewa ɗan wasa ba a biyansa sai kuɗin makaranta da abinci da makwanci. A da, yaro yana karo da kai yana karya gwiwa, filin mutum dubu ɗari ya cika saboda shi, koci na ɗaukar miliyoyi, shi kuwa in ya karɓi kuɗi don sa hannu a riga sai a dakatar da shi, kuma da yawan yaran nan baƙaƙen fata ne daga gidajen talakawa. Texas A&M a 2023 ta amince ta biya kocinta Jimbo Fisher fiye da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Da wane ido za a ce wa ɗan wasa babu kuɗi? Sai a Yuli 2021 aka ba su damar cin moriyar sunansu da hotonsu a talla, a 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan gyara ne da ya makara, kuma yawan kuɗin talabijin ne ya sa zaluncin ya fito fili har ya kasa ɓoyuwa. Haka nan wasan Texas da Texas A&M da ya mutu bayan 2011 ya dawo a 2024 saboda sun sake haɗuwa a SEC, kuɗi ya raba su kuɗi ya maido su.

Kuma ni ban ɗora wa tashoshi laifin duka ba. Ɗan kasuwa tayi ya yi, shugabannin jami'o'i ne suka sa hannu, masana ne da aka ba amanar ɗalibai, sun san sarai cewa 'yar wasan ƙwallon raga ta UCLA za ta riƙa keta kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey a tsakiyar zangon karatu, alhali ita ba ta cikin cinikin ko kaɗan, ƙwallon maza aka saya aka ja ta a baya.

Maganar filaye cike da ka yi gaskiya ce, masu kallo ma ba su ragu ba. Tsorona shi ne abin da ya cika filayen nan gado ne, mutanen da aka rena kan ƙin jinin makwabci da son Rose Bowl su ne ke sayen tikiti yau, kuma irin wannan zafin ba ya samuwa tsakanin Oregon da Maryland don kawai an haɗa su a jadawali. Kwantiragin Big Ten zai ƙare a 2030, tuni Florida State da Clemson suka maka rukuninsu na ACC a kotu kan kuɗin fita kafin a sulhunta a 2025. In aka zauna sabon ciniki, ina jin tsoron manyan cikin Big Ten da SEC za su waiwayi ƙananan cikinsu, irin su Purdue da Mississippi State, su yi musu tambayar da aka yi wa Oregon State, gidaje nawa kuka kawo.