Me ya sa transistocin allon Tempest ɗina ke ta ƙonewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi tsohon akwatin wasan Tempest na kamfanin Atari, ƙirar 1981. Ana jin sautin wasan amma allo duhu, sai wata 'yar jar fitila da ke kunne a ciki. Sau biyu ina canza manyan transistoci, su yi mako guda su sake mutuwa. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, transistocin nan ba su ne masu laifi ba, kashe su ake yi. Allon da ke cikin Tempest shi ne Wells-Gardner 6100, kuma ba ya aiki irin na talabijin mai share fuska layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Shi jan tsinken haske yake yi kai tsaye daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai zane da alƙalami. Duk wannan fizga a kan transistoci shida da ke ɗaure a jikin ƙarfe take sauka, wato 2N3716 da 2N3792: huɗu na juya haske, biyu na daidaita wuta. Jar fitilar da ka gani kuwa alama ce ta wata da'ira mai gadi. In juyawar ta tsaya, sai da'irar ta kashe hasken don kada ya tsaya wuri guda ya ƙona fuskar kwalbar da ke nuna hoto.

Fara da dalma. Kifa allon juya haske, wato farantin da'irar da ke sarrafa tsinken hasken, ka sa madubin ƙara girma a gindin filoginsa. Za ka ga wani siririn zobe kewaye da ƙafar, kamar tsagar tukunya. Shekara arba'in na zafi da sanyi ke jawo shi. Zuƙe tsohuwar dalmar ka zuba sabuwa, kada ka yi ɗori. Sannan duba 'yar takardar maika mai hana wuta wucewa da ke tsakanin kowane transisto da ƙarfe, ka auna da mita ka tabbata jikinsa bai taɓa ƙarfen ba. Noti ɗaya da aka matse fiye da kima ya isa ya huda ta.

Amma babban ciwon yana sashen daidaita ƙaramar wuta. Ƙirar asali ba ta da abin da zai tsayar da ita in an samu gajeriyar hanya, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, shi ya sa in abu ɗaya ya faɗi yake jan 'yan'uwansa, har ka ga rezistocin R100 da R101 sun zama gawayi. Ni a nan ba na yarda da maganar a bar komai yadda kamfani ya yi. Cire sashen ka sa ƙaramin allon nan LV2000, wanda aka gina a kan LM317 da LM337, masu rage wuta da kansu in lodi ko zafi ya yi yawa. Auna ɓangarorin wutar biyu, fozitif da negetif, su zauna wajen bolt 26 kafin ka ci gaba.

Sai ka karanta lambar allon juya hasken. In P314 ne, ba shi da kariyar mashiga, don haka duk ranar da kwamfutar wasan ta rikice ta turo sigina fiye da kima, transistocin ne za su biya. P327 da P339 sun zo da kariyar, kuma ana iya ƙara ta a kan tsohon.

Kafin ka sa hannu, zare filogi ka sauke wutar kwalbar, domin tana aiki ne da bolt kusan 19,500. Canza kafasitocin kejin babbar wuta tunda ka riga ka buɗe, ka kuma ɗaura ƙaramar fanka tana hura ƙarfen da transistocin ke kai.