Amsa ga mai tambaya kan Baban da ya ƙi ɗaki, ya ƙi ruwa da bazara

Salamu alaikum. 'Yata, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai da sanyin safiya, don ni yanzu in rana ta take ko wayar ba ta riƙuwa, zafi take kamar dutsen guga. Kin ce mahaifinki ya haura saba'in da biyar, kun gyara masa ɗaki har da fanka mai sola, amma kullum tabarmarsa yake ja zuwa tsakar gida, ga shi ba ya shan ruwa, in an matsa ya ce shi ba ya jin ƙishi. Kina so ki san ko rigimar tsufa ce kawai. Ni shekarata saba'in da biyu, a Katsina nake, tsohon malamin makaranta ne. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to na tsoho ma na tsoho ne, bari in ba ki labarin daga ciki.

Maganar kwana a waje, Baba ya fi ku gaskiya. Yau bayan isha'i ki shiga ɗakin nan ki ɗora tafin hannunki a bangon da ke kallon yamma, za ki ji shi kamar tanda. Bulon siminti da rufin kwano wuni suke yi suna shan rana, dare na yi su amayar da ita a kan wanda ke ciki. Mu a soro muka tashi, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, 'yar taga can sama. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an watsa maka ruwa. Duk da haka ba mai kwana ciki da bazara, kowa waje yake, maza a ƙofar gida, mata da yara a tsakar gida. Ita fanka ba ta yin sanyi, iskar da ta tarar take juyawa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, idan na ɗakin ya kai 40, huci kawai take hura masa. Sai dai in ya jiƙa ɗan tawul ya goge jiki ko ya yafa, a nan ne take da amfani.

Akwai kuma abin da 'yan zamaninmu ba su manta ba. Sanƙarau na 1996 ya ci sama da mutum dubu goma a ƙasar nan, a irin wannan lokaci na zafi da ƙura, kuma abin da aka yi ta shela a rediyo shi ne a daina cunkuso a rufaffen ɗaki. Ba mamaki Baba ya binne wani nasa a shekarar. Don haka ki bar shi da tsakar gidansa, ki gyara masa ita kawai: a yayyafa ruwa bayan la'asar, a ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan gado saboda kunama, a ɗaura gidan sauro, a ajiye tocila kusa da matashi da ɗan mayafi don sanyin asuba.

Amma batun ruwa, nan Baba bai da gaskiya, kuma ni ma sai da na sha wuya na yarda.

Azumin 2022 an fara shi ran 2 ga Afrilu. Na yi irinsa a 1989, ina da shekara talatin da shida, in hau keke in je makaranta in dawo cikin rana, ko a jikina. Watan azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, bayan shekara talatin da uku sai ya dawo inda ya bar ka, amma mutumin da zai tarar ba shi ya bari ba. Ni ban yi wannan lissafin ba. Wajen goma ga wata wani abokina ya rasu, aka yi jana'iza da hantsi, muka raka shi maƙabarta, muka tsaya a fili babu ko inuwar kara. Da aka watse wani yaro ya ce in hau babur ya kai ni, na ce masa ƙafata lafiyarta ƙalau. Na dai iso gida. Abin da ya biyo baya uwargida ce ta ba ni labari: wai na shigo ina kiranta da sunan ƙanwata da ta rasu tun tuni, ina faɗa an ɗauke mini takalmi, alhali yana ƙafata. Ta taɓa goshina ta ji zafi zau, babu ɗigon zufa. A asibiti na farka, an ɗaura mini ƙarin ruwa, leda uku na sha.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, wallahi har na faɗi ban ji ƙishi ba. Likitan da ya duba ni, yaro ne da ya wuce ta ajina, ya zaunar da ni kamar yadda na saba zaunar da shi. Ya ce, "Malam, idan mutum ya tsufa jin ƙishinsa raguwa yake, zufarsa ma haka, jiki zai bushe bai sanar da kai ba. Ga shi maganin hawan jinin da kake sha na sa fitsari ne, ruwa yake ƙara fitarwa." Ke nan in Baba ya ce ba ya jin ƙishi, ba ƙarya yake ba. Ƙararrawar ce ta daina bugawa. In yana shan maganin hawan jini ko na suga, ku kai wa likitansa kwalayen ya duba, kada ku rage ko ku tsayar da kanku. In kuma yana da ciwon ƙoda ko na zuciya, likitan ne zai faɗi yawan ruwan da zai sha. Batun azumi kuwa, na je wa malamai, suka nuna mini rangwamen da addini ya yi wa tsoho da mara lafiya, na ji kunyar kaina.

Akwai wani dalili da tsoho ba zai taɓa gaya wa 'yarsa ba, ni zan faɗa a madadinsa. Da yawanmu fitsari muke gudu. Tashi sau huɗu cikin dare da gwiwa mai ciwo, laluben hanyar bayan gida a duhu, alwalar da ba ta kaiwa daga magariba zuwa isha'i, wani lokacin ma abin ya kufce kafin ka kai. Sai mutum ya ga gara ya rage ruwan ya tsira da mutuncinsa. Wannan ba maganarki ba ce da shi, ki sa yayanki ko wani aminin nasa ya taɓo masa ita a keɓe. Ku dai ku yawaita masa sha daga asuba zuwa la'asar, a sassauta da dare, a kuma kusanto masa da wurin kama ruwa.

Kada ki tambaye shi, "Baba, za ka sha ruwa?" A'a zai ce. Ɗebo ki durƙusa ki miƙa masa, ko ki aiko jikan da ya fi so, ba zai mayar da hannun yaro ba. A gidana kowace salla da moɗarta, kafin in ɗauki buta an miƙo mini. Ruwan randa kuma, ba na firji ba, don ƙanƙara haƙoranmu ba sa so. Randarmu tana gindin darbejiya, an kafa ta cikin yashi ana jiƙa shi safe da yamma, an rufe da faifai. Tsatsafowar da take yi ita ce sirrin, iska na busar da ita ruwan ciki na sanyi, kuma ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. In ruwa zalla ya gundure shi, ga farau-farau, ga kunun tsamiya, ga fura a dama ta ruwa-ruwa, ga kankana. Ki sa ido kan alamu: fitsari kaɗan mai duhu, jiri in ya miƙe, bushewar baki. Nan a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ya fara sambatu ko jiki ya yi zau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi ta fifita, a nufi asibiti ba jira. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na Mali, kuma a cikin waɗanda suka rasu a Bamako a kwanakin nan tsofaffi suna da yawa.

Yanzu ni rana ce ke tsara mini wuni. Duk wata hidima, kasuwa, gaisuwa, dubiya, in gama ta kafin ƙarfe goma. Daga nan zaure, riga 'yar shara ta auduga, mafici a hannu, rediyo a gefe, sai ƙailula. Ba na sake leƙa titi sai la'asar sakaliya. Wunin bazara dogo ne ga tsoho, 'yata. Kana zaune kana kallon kawalwalniya a kan kwalta, kana ƙirga waɗanda kuka saba zama da su. Majalisarmu mu tara ne a gindin wata tsamiya, yau saura mu uku, tsamiyar ma an sare an yi shaguna. Shi ya sa in aka ce an yi rasuwa tsoho ba ya tsayawa duba rana, gani yake in bai raka ba wa zai raka shi. Ba za ki hana Baba zuwa ba, kada ma ki gwada. Ki haɗa shi da yaro da lema da gorar ruwa, a kai shi a abin hawa a dawo da shi.

Ki gaishe min da shi. Ki ce wani tsoho a Katsina ya ce ya ga gizagizai sun fara haɗuwa ta gabas da maraice, gawo ma ya kusa zubar da ganye, ya daure ya sha ruwan nan mu ga damina tare in Allah ya kai mu.