Tantinmu yana jiƙewa daga ciki, an ce mu lulluɓe shi da leda mu shigar da kasko

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin jogarafi ne a wata sakandare a Bauchi. A hutun Disamba zan kai ɗalibai 12 tsaunin Mambila, za mu kwana uku a tanti a wajen Nguroje. Na sayo tantuna da jakunkunan barci a gwanjo, kowace jaka an rubuta -15 a jikinta. Na gwada kwana ɗaya a gidan yayana a Jos. Ba a yi ruwa ba, amma na tashi na tarar da cikin tantin sharkaf, ga sanyi har ƙashi. Wani dattijo ya ce in lulluɓe tantin da leda, in toshe kafofinsa, in hura gawayi a waje, idan hayaƙin ya ƙare in shigar da kaskon. 'Ya'yan mutane ne a hannuna, hankalina ya ƙi kwanciya. Mene ne abin yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Gara da hankalinka ya ƙi kwanciya. Zan zo kan kaskon nan, amma bari mu fara da ruwan da ka gani.

Tantinka ba yoyo ya yi ba, tunda ba a yi ruwa ba. Numfashinka ne da gumin jikinka. Mai barci yana fitar da abin da ya kai kofi ɗaya zuwa biyu na ruwa kafin gari ya waye, tururin ya tashi ya tarar da yadin tanti ya yi sanyi, ya koma ruwa, kamar murfin tukunya. Waɗannan kafofin da aka ce ka toshe, domin tururin nan aka yi su. Ka sa yara uku a tanti guda ka rufe da leda, da asuba ruwa zai riƙa ɗigo musu a fuska. In kana son sanin ko akwai yoyo na gaskiya, kafa tantin da rana babu kowa a ciki, a yi ta yayyafa masa ruwa na minti goma, sannan ka shiga ka bi layin ɗinki da hannu. A tsohon tanti nan ne kusan kullum ruwa ke bi, domin siririn tef ɗin da aka manna a kan ɗinkin ya ɓamɓare. Cire ragowarsa, goge wurin, shafa gam ɗin ɗinki irin su Seam Grip, bar shi ya kwana ya bushe. Idan kuwa cikin yadin yana danƙo, yana wari, fatarsa na zuba kamar amosanin kai, wannan tantin ya gama aikinsa. Sai dai ka ɗaura tamfol a samansa da tazarar kamu guda don iska ta ratsa. Kada ka yarda da masu narka kyandir a fetur ko kananzir su shafa wa yadi. A 1944, a garin Hartford na Amurka, wani ƙaton tantin 'yan wasa da aka yi wa irin wannan shafin ya kama da wuta, mutum fiye da 160 suka mutu.

Batun -15 kuwa, ɗan gwanjo ya nuna maka lambar da ta fi sayar masa da kaya. Jakar da aka gwada bisa ma'aunin ISO 23537, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na ɗumin jakar barci, lamba uku take da su, duk na digirin sanyi. Ta sama ita ce sanyin da za a yi barci mai daɗi a cikinsa, ta tsakiya ta namiji ne da ya dunƙule yana lallaɓawa, ta ƙasa kuwa ma'anarta watakila ka ga safiya da ranka, kana kakkarwa. Jakar da lambarta ta ƙasa -15 ce, barcin daɗinta yakan tsaya ne a sama da sifili, kuma wannan tana sabuwa ke nan. Wadda ta shekara a matse cikin dila cikinta ya kwanta. Kakkaɓe kowace, shimfiɗa ta minti ashirin ka ga ko za ta kumbura, ɗaga ta ga rana ka ga inda haske ke ratsawa. Mambila ta kai kimanin mita 1,600, ta ɗara Jos da ɗaruruwan mita, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Nemi jakar da lambar samanta take kusan digiri 5. Ni a wurin mai raɓa da hazo irin can na fi son mai cikin zaren roba a kan mai gashin agwagwa, domin gashin in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Kuma ina zargin a kan tabarma kawai ka kwana a Jos. Abin da ke ƙarƙashinka nauyinka ya danne shi, ba ya riƙe ɗumi, ƙasa ce ke zuƙe zafin jikinka. Kowane yaro ya samu shimfiɗar soso tasa.

To, kasko. Malam, wannan magana ta "bari hayaƙin ya ƙare" na gaji da jin ta. Ina jin ta a bakin masu gadi, da direbobin da ke kwana a tasha, da iyaye mata a ɗakin jego, duk hunturu. Hayaƙin da kake gani ba shi ne mai kisa ba. Shi yana da wari, yana sa hawaye da tari, yana korar ka waje. Mai kisan ita ce iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka. Wato lokacin da dattijon ya ce wuta ta zama lafiya, lokacin ne ta rasa abu ɗaya tak da zai gargaɗe ka. Idan wurin a toshe yake, oksijin na raguwa, garwashin yana ƙara yawan gubar. Jini yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, don haka kaɗan ma ya isa. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin komai. Ko ya farka, sau da yawa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa ya kai ga zif ɗin ƙofa. Tanti kuwa bai kai kwatan ɗaki ba, ga leda a kansa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo baya. A tarar da mutanen ɗaki guda sun mutu a kwance, babu rauni, ga kurfoti ko janareta a gefe kowa yana gani, amma sai a ce guba aka sa a tuwo, ko sammu ne, ko aljanun gidan ne. A kama kishiya da zargi, a bar kurfotin a inda yake, baɗi ya sake cin wani gidan. Wanda ya ce maka ya shekara talatin yana kwana da kasko bai mutu ba, ka duba ɗakinsa: rufin ciyawa ne ko ƙofar da iska ke shiga ta ƙasanta. Ka kuma tambaye shi sau nawa ya tashi da ciwon kai ya ce sanyi ne ya kama shi. Na taɓa fito da samari biyu daga tanti da tsakar dare, ɗaya yana amai, ɗayan bai san sunansa ba, kuma ɗan garwashin da suka dafa shayi ne kawai suka ja ciki "don ya ɗan ɗumama wurin". Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ɗumin da kake nema yana samuwa ba tare da wuta ba. A ci abinci mai zafi kafin a kwanta. A cire kayan da aka yi gumi a ciki a sa busassu, da safa da hular sanyi. A zuba ruwan zafi a gora mai ƙarfi mai murfi mai kyau, a sa ta cikin safa, a jefa ta wajen ƙafa. Kada yaro ya cusa hanci cikin jaka, numfashinsa zai jiƙa ta. Wuta ta zauna a waje, nesa da yadi, kafofin tanti a buɗe.

Ka tara yaran tun a Bauchi ka faɗa musu da bakinka, domin ɗayansu zai yi dabarar jan garwashi bayan ka yi barci. Ka zaga tantunan da tocila sau biyu cikin dare. Duk wanda ya tashi da ciwon kai da jiri, musamman in su biyu ne a tanti guda, a fito da kowa sarari nan take, kada a ba shi Panadol a ce ya koma ya kwanta, a nufi asibiti a Gembu a gaya musu hayaƙin gawayi ake zargi, oksijin yake buƙata. Shi kuma dattijon, ka koma ka gaishe shi ka yi masa bayanin nan cikin ladabi, domin da wuya a ce babu kasko a ɗakin jikokinsa a daren yau.