Amsa ga ɗana a kan jarumin daji

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko jarumin nan na littattafai, mai shiga daji shi kaɗai ya kashe zaki ya dawo ana yi masa guɗa, gadonmu ne ko Turawa suka kawo shi.

Kirari dai namu ne, maharba suna da nasu da kiɗansu tun tale-tale. Ko a littattafan da aka buga a 1934, bayan gasar rubuta littattafai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa Turawan ma ya yaƙa. Amma namijin da ke ganin daji abokin gaba ne, sai ya durƙusar da shi hankalinsa zai kwanta, wannan baƙo ne. Bayan Sakkwato ta faɗi a 1903 aka san shi a nan: Bature da bindiga, ƙafarsa bisa gawar dabba, ana ɗaukar hoto. Bayansa kuwa ga 'yan dako da mai bin sawu a tsaye, wanda in ba don shi ba ko zomo ba zai gani ba, amma ba a rubuta sunansa.

Maharban da na taso na iske, da rani suke fita, bayan an kawar da amfanin gona, da sanin shugabansu. Abin kunya ne ka harbi dabba mai ciki. Naman kuma rabawa ake yi. Da sanin saiwa da sassaƙe ake auna maharbi, da iya karanta sawu a ƙasa.

Haka manomi. Kakanka bai taɓa ɗora gatari kan gawo ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki.

Abin da ke ci mini rai shi ne yau mu ne muka ari halin baƙon. Farin 1973 da na 1984 sun cinye itatuwa, gaskiya ne, amma sauran mu muka ƙone. Dubi buhunan gawayi a bakin titi, dubi samari bisa babur da fitila suna kashe duk abin da ya motsa da dare.

In ka zo hutu zan kai ka wurin wani tsohon maharbi a wajen Wurno, ka tambaye shi da bakinka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.