Ina dawakin injin Cadillac ɗina suka tafi?

Tambaya: Na sayi Cadillac Eldorado ƙirar 1972 mai inji lita 8.2, sai na ga littafinta ya ce ƙarfin doki 235 gare ta, alhali ta 1971 mai irin wannan inji an rubuta mata 365. Bakanike ya ce masana'anta ce ta shaƙe injin, kuma idan ya cire iyakilina da salansa ya ƙara taimin, dawakin za su dawo. Shin an cuce ni ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba, mudun awo ne ya canza. Kafin 1972 kamfanonin motocin Amurka suna tallata ƙarfin inji da ma'aunin giros na SAE, ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wato a ɗora injin tsirara a kan na'urar awo, babu iyakilina, babu salansa, babu fanka, a kuma saita kafireta da taimin yadda zai fi nuna bajinta. Ma'aunin net kuwa, wanda aka koma wa daga 1972, da duk waɗannan kaya ake yin sa, kamar yadda injin yake zaune a cikin mota. A 1971 General Motors, kamfanin da ke ƙera Cadillac, ya buga lambobin biyu tare, kuma injin Eldorado na shekarar an ba shi 365 giros da 235 net. Ke nan taka da ta 1971 ƙarfinsu ɗaya ne a takarda. Ragin gaskiya tsakanin 1970 da 1971 aka yi shi, lokacin da aka sauke matsin silinda daga 10:1 zuwa 8.5:1 domin injin ya iya shan fetur mai ƙarancin dalma, lambar giros ta sauko daga 400 zuwa 365.

Kada ka nemi kaso guda da za ka riƙa cirewa daga giros ka sami net. Injin 426 Hemi na Chrysler a 1971 an ba shi 425 giros da 350 net, tazarar 75, naka kuwa tazararsa 130 ce. Dukkan ma'aunan biyu a jikin inji ake ɗaukarsu, kafin giyabos ya ci nasa rabon, don haka net ba shi ne abin da ke isa tayoyi ba.

Maganar bakanikenka ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma na gaji da ganin ɓarnar da take yi. Lambar giros a ɗaki aka same ta, inda babu ƙura, ana ba injin ruwan sanyaya daga waje, ga injiniyoyi tsaye a kansa. Babu motar da ta taɓa hawa titi da wannan ƙarfi, ko a ranar da ta fito daga masana'anta. Wanda ya cire iyakilina a ƙasar da hunturu ke tulo ƙura, ya buɗe wa yashi ƙofa ya shiga silinda yana cin ringi da bangonta kamar samfefa. Na taɓa buɗe wani inji da aka yi wa haka: na shafa bangon silindar na ji layuka a yatsana, baƙin man ciki kuma ya koma kamar kunu. Mai motar ya ce mini ya ji ta ƙara ƙarfi. Ƙara ce kawai ta ƙaru a kunnensa.

Ƙarin taimin ya fi wannan haɗari, domin idan ya wuce ƙima wuta takan tashi kafin lokacinta, ka ji ƙas-ƙas yayin hawan tudu, kuma wannan bugu yana iya fasa fistin. Cire salansa kuwa yana jawo hayaƙi mai guba marar wari ya shigo wa mutanen da ke cikin mota. Abin takaici shi ne masu wannan aiki ba su taɓa auna inji ko ɗaya ba, kafin aikin ko bayansa, da kunne suke yanke hukunci, sannan su karɓi kuɗin hannu a kan injin da kayan gyaransa sai an yi odarsu daga Amurka.

Ka bar komai a mazauninsa. A sa sabuwar matatar iska da filogi, a wanke kafireta, a saita taimin da fitilar awo bisa abin da littafin motar ya faɗa, sannan a gwada matsin silinda takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Idan lambobinsu sun yi kusa da juna, injinka lafiyarsa ƙalau.