Mutum-mutumin da ya manta ko shi wane ne

Ƙanena, na ga saƙonka tun daren jiya, sanyin Jos ne ya hana ni fito da hannu daga bargo. Ka ce ranar Asabar za ka ja ragamar wasan Dungeons & Dragons, wasan ba da labari a tebur inda kowa ke jan jaruminsa, kai kaɗai a karon farko, kuma ɗaya daga cikin yaran teburinka ya zo da jarumi mutum-mutumi, wanda ya farka bai san sunansa ba, balle wanda ya ƙera shi. Tambayarka ita ce: "Oga, in rubuta masa tarihinsa kaf in ɓoye, ko in ƙyale shi haka nan?"

Kada ka yi ko ɗaya. Fara jan yaron gefe tukuna, ka saya masa shayi a Terminus, ka ji dalilinsa. Masu zuwa da jarumi mai mantuwa iri biyu ne. Akwai wanda ƙiwa ce kawai ta hana shi rubuta tarihi, wannan ba ya son komai sai a ba shi takobi ya yi sara, kada ka wahalar da kanka a kansa. Akwai kuma wanda da gaske yake so a ba shi mamaki. Shi ne abin tsoro, domin amana ya damƙa maka. Tambaye shi abu guda: wane abu ne in ya taras jaruminsa ya aikata a baya, wasan zai fita daga ransa?

Ni ban yi wannan tambayar ba lokacin da nake kamarka, na kuwa ji a jikina. Wani ɗan wasana ya yi wata huɗu yana jan wani mutum-mutumi mai taushin zuciya, mai ɗaukar wa tsofaffi kaya. Ni kuma na ɓoye a littafina cewa shi ne ya ƙone ƙauyen da suke neman wanda ya ƙona. Ranar da na fasa ƙwan, ina jiran tafi, sai ɗakin ya yi tsit. Ɗan wasan ya tattara dayis ɗinsa, wato ƙwayoyi masu lambobi da ake jefawa a wasan, ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya ce, "To ai wannan ba jarumina ba ne." Sati uku ban sa shi a ido ba. Gaskiyarsa kuwa. Abin da ya gina a gaban kowa na rushe da takardar da ni kaɗai na taɓa gani.

Ka tuna bambancin sana'armu da tatsuniya. Kaka in ta ce gatanan gatananku, ta riga ta san inda Gizo zai kwana. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, aka raba bakin mai labari da na masu sauraro, kowa a tebur yana da ta cewa. Kai duniya ce a hannunka, jarumi kuwa na mai shi ne, har da abin da ya manta.

Yanzu ga inda mutum-mutumi ya fi ɗan Adam daɗin aiki. Mutum yakan faɗi a babur ya bugu a ka ya manta, ƙaddara ce, ba mai laifi. Na'ura ba haka take ba. Je wurin masu gyaran waya ka gani: wayar da aka kawo wayam, ba lamba ba hoto, wani ne ya yi mata filashin, kuma yana da dalilinsa. Saboda haka abin da za ka rubuta bai wuce layi uku ba: wa ya goge, me ya sa, kuma me zai yi in ya ji na'urar ta tashi tana yawo. Ka ga ka sami mugu, ko masoyi, mai rai mai motsi a cikin labarin. Wani lokaci ma amsar da ta fi daɗi ita ce shi da kansa ya roƙa a goge. Sauran tarihin bar shi a buɗe, abin da yaron ya yi a tebur shi zai nuna maka abin da za ka cike da shi.

Na san dabarar da ke ranka, ta mafarki. Kowane sabon jagora ita yake ɗauka: jarumi ya kwanta, ya ga wuta da fuskar wata mata, ya farka a firgice. To duba ƙa'idarka da kyau. In yaron ya ɗauki Warforged, wato jinsin mutum-mutumi na duniyar wasa ta Eberron, wadda Keith Baker ya ƙirƙira ta fito a 2004, su ba sa ci, ba sa sha, ba sa barci. A ƙa'idar bugu na biyar, awa shida yake yi a sandare lokacin hutu, amma yana gani yana ji. Wanda ba ya barci ina zai ga mafarki? Tunaninsa ta jiki zai dawo. Hannu ya san abin da kai ya manta.

Bari in nuna maka. A wani wasa da na ja daga baya, jaruman sun tsamo nasu mutum-mutumin daga wani kududdufin haƙar kuza, irin waɗanda Turawa suka bar mana birjik a Filato, suka sa masa suna Tsatsa. Zama biyu ban ce komai ba. A na uku suka iso wata ƙofar ƙarfe mai makulli, kowa ya gwada ya kasa. Sai na tura wa mai Tsatsa 'yar takarda a ninke: "Yatsunka sun san wannan makullin." Ya karanta, ya ɗago, ya miƙa hannu a hankali kamar mai taɓa wuta. Ƙofa ta buɗe. Yarinyar da ke kusa da shi ta ja kujerarta baya, ta ce, "Kai, wane ne kai?" Ban ƙara ko kalma ba. Su da kansu suka kwashe rabin awa suna gardama, ni ina rubuta hasashensu a ƙarƙashin tebur, ɗaya ma ya fi nawa kyau, shi na ɗauka.

A takardar jarumi ma haka za ka yi. Asalin jarumi yakan ba shi ƙwarewa biyu; bar ɗaya ba a cike ba, ranar da hannunsa ya tuna wani abu sai ku rubuta tare.

Dayis kuma, kada ka rataya masa abin da labari ba zai tafi ba sai da shi. Yi lissafi: mai fuska 20, in ka ce sai an sami 15, ba wani ƙari, fuska shida ne kawai ke ci, kashi 30 cikin 100 ke nan. Sau bakwai cikin goma labarinka ya maƙale a hanya kamar motar da mai ya ƙare mata. Ba shi tunanin kyauta, jifar ta yanke tsadarsa. In ta yi kyau ya tuna shiru, in ta ɓaci ya tuna amma ya ƙame a tsakiyar faɗa, ko bakinsa ya furta wani suna a gaban wanda bai kamata ya ji ba.

Saura kuma mutum huɗu ne a teburin nan, ba kallo suka zo ba. Ɗaura kowane guntun tunani a jikin ɗayansu: tambarin da ke ƙirjin na'urar ya zama irin na zoben mahaifin wancan. Guntu ɗaya a zama biyu ko uku ya isa, in ka yawaita ya zama tuwon kullum.

Ranar Asabar kada ka ba shi komai, bar shi ya yi rawar gabansa, kai dai sa ido ka ga wanda ya fi shaƙuwa da shi. Zan leƙo bayan la'asar in zauna a baya, ba zan sa baki ba. Ka taho mini da jan dayis ɗina da ka ara tun kafin Sallah.